Sawun Hausawa a Lungunan Tsibirin Ikko

Duk wanda ya tashi a Kalambaina ya saba da abu biyu, watau ƙurar siminti da hirar direbobi. Tun ina firamare nake raɓewa gefen teburin mai shayi a bakin hanyar kamfani, ina sauraron direbobin manyan motoci suna labarin garuruwan da suka taka, kuma ba garin da ya kai Ikko yawan fitowa daga bakinsu. A wurinsu Ikko gari ne na cunkoso da gadoji da 'yan damfara, inda mutum ke zuwa ya sauke kaya, ya karɓi kuɗinsa, ya juyo ba ko waiwaye. Ni ma haka na ɗauke ta har na shigo jami'a. Ban taɓa jin wani ya ce Bahaushe yana da tarihi a can ba, balle a ce tarihin ya shafi Sakkwato.

Abin da ya fara sa ni tunani darasin aron kalmomi ne. Malaminmu ya jero mana kalmomin da Hausa ta aro daga Yarbanci, irin su ashana da agogo da akwati da keke da gyale, ya ce ko kalmar titi ma asalinta Ingilishi ne, amma ta bakin Yarbawa ta biyo kafin ta iso gare mu. Sa'an nan ya juya ya nuna yadda Yarbawa su ma suke cewa alubosa da wahala da alafia. Ya ce mu je mu binciko su wane ne suka yi dakon waɗannan kalmomi, tun da dai kalma ba ta da ƙafa. To, da hutun ƙarshen shekara ya zo, na ji kawuna zai raka lodin albasa zuwa kasuwar Mil 12, sai na roƙe shi ya tafi da ni. Muka bi ta Jega da Yawuri da Kwantagora, muka haye Kwara a Jabba, muka ratsa Ilori da Badun. Ba zan ɓata wa mai karatu lokaci da labarin hanya ba, wanda ya taɓa kwana biyu a kan buhunan albasa ya san sauran.

Da na gaya wa kawu ina son in shiga cikin tsibiri in yi yawo, sai ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, mi kaka biɗa can? Ba kowa sai 'yan kasuwa da masu yankan aljihu." Na ce tarihin zuwan Hausawa nake nema. Ya yi dariya ya ce, "Hwatauci yak kawo Bahaushe Ikko, ba wani abu ba. Tahi, amma riƙe wayarka da kyau, kuma kada magariba ta ishe ka can." Wannan magana ta kawu ita ce na yi kwana uku ina aunawa a cikin lungunan garin, kuma ita ce dalilin wannan rubutu.

Ya kamata in fara bayyana wa wanda bai taɓa zuwa ba cewa yawancin abin da muke kira Ikko ko Legas a yau ba shi ne tsohon garin ba. Agege da Mushin da Ikeja da Mil 12 duk a kan tudu suke. Ainihin garin wani ɗan tsibiri ne da ruwa ya kewaye, tsakanin babban tafki da teku, wanda masu shi ke kira Eko, mu kuma muka mai da shi Ikko. Sunan Legas kuwa Turawan Fotugal ne suka raɗa, ma'anarsa tafkuna, kuma tun wajejen 1472 jiragensu suka fara leƙa wurin. Na shiga tsibirin ta gadar Carter, wadda aka fara ginawa a 1901, motar ta zubar da mu a Idumota. Ban taɓa ganin taron mutane irin na wurin ba, ko ranar hawan salla a ƙofar Sarkin Musulmi. Kowane bene kanti ne tun daga ƙasa har sama, kowane lungu kasuwa ne, 'yan dako na ihu a ba su hanya. Da na ji ana kiran wata kasuwa Jankara sai da na waiga, don kunnena Jakarar Kano ya jiyo.

Daga Idumota na kutsa cikin Isale Eko, watau gangaren gari, wadda ita ce unguwa mafi tsufa. Nan fa lungunan suka tsuke, wani ma mutum biyu ba su jerawa, ga lambatu a tsakiya, ga gidaje sun haɗa kai. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda tsarin wurin ya tuna mini cikin garinmu wajen Hubbare: ba layi miƙaƙƙe, kowane gida na wani dangi ne, kuma duk lungu ƙarewarsa ko ƙofar wani mai sarauta ko masallaci. A nan fadar Sarkin Ikko take, wadda ake kira Iga Idunganran, sunan da ke nuna wurin da can gonar barkono ce. Mutanen farko masunta ne da manoma daga Yarbawan Awori, daga baya Sarkin Bini ya shimfiɗa ikonsa a kansu, kuma daga can gidan sarautar ya samo asali. Ƙaramin gari ne na kifi da gishiri har zuwa ƙarni na 18, lokacin da Sarki Akinsemoyin ya buɗe wa fataken Fotugal ƙofa. Kayan da suka zo nema kuwa mutane ne.

A nan ne tarihinmu ya shigo, kuma a nan nake son in ɗan daɗe.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ji ƙansa, ya fara jihadi a 1804, Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka gina Sakkwato a 1809. Waɗannan shekaru duk ɗan makarantar da ke garin nan ya haddace su. Abin da ba a cika haɗa mana da su ba shi ne, a daidai waɗannan shekaru ne Ikko ta tashi daga ƙaramar tasha ta zama babbar mafitar bayi a wannan gaɓa ta teku. Yaƙi yana haifar da kamammu, kuma ta kowane gefe. In rundunar jama'ar Shehu ta ci gari, a kama Gobirawa ko Kabawa. In an ci su, a kama malamai da almajirai. Wasu kuma ba yaƙi ne ya ci su ba, fatake ne da aka tare a daji, ko yara da aka sace a gona. Daga hannu zuwa hannu, ta Nufe da Ilori da ƙasar Oyo, har a kai mutum bakin ruwa. Da daular Oyo ta fara wargajewa daga 1817, lokacin da Afonja na Ilori ya yi tawaye ya kira bayi Hausawa da ke ƙasar su taimake shi, sai abin ya ƙara yawa, domin yanzu Yarbawa su ma suna kama juna. Ingila ta haramta wa mutanenta cinikin bayi tun 1807, amma jiragen Birazil ba su daina zuwa ba sai bayan 1850. Suna kawo taba da barasa da bindigogi, suna komawa da mutane.

Kada wani ya ce shugabannin jihadi ba su san da wannan ba, ko kuma sun yarda da shi. Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisuri da ya kammala a 1812, ya ambaci cewa mutanen ƙasar Yarbawa suna samun bayi daga ƙasarmu suna sayar wa Nasara, kuma ya faɗi haka ne don ya tsawata wa masu sayar musu da Musulmi. Ke nan abin yana faruwa har ya kai ga a rubuta gargaɗi a kansa. Sai dai littattafanmu sun tsaya a kan hukuncin, ba su bi mutanen da aka sayar ba. Wanda ya bi su wani jakadan Faransa ne a birnin Bahiya ta Birazil, mai suna Francis de Castelnau, wanda ya zauna da waɗansu bayi Hausawa yana tambayarsu garuruwansu da hanyar da aka biyo da su, ya buga abin da suka gaya masa a 1851. Akwai mutanen Kano da Katsina da Zazzau a cikinsu, kuma da dama sun ce a Eko aka sa su a jirgi.

Na je na tsaya a Ebute Ero, tsohuwar mashigar kwale-kwale da ke gefen Isale Eko. Yanzu kasuwa ce, ga gada ta bi ta sama, ruwan ya yi baƙi da shara. Ba allo, ba alama, ba wanda ya kula da ni sai wata mai sayar da busasshen kifi da ta zaci ciniki na zo. Na yi ta ƙoƙarin in kwatanta a raina yadda mutumin da ya tashi a Gobir, wanda bai san ruwan da ya wuce gulbin Rima ba, zai ji in aka tsai da shi a bakin irin wannan ruwa da igiya a wuya. Ban iya ba. Warin kifi da ƙarar motoci suka hana ni.

Waɗanda aka ƙetarar da su ba su zauna shiru ba. A 1807 hukumar Bahiya ta gano shirin tawaye na bayi Hausawa, aka kuma yi wasu tashe-tashen a 1809 da 1814 da 1816, duk da hannun Hausawa a ciki. Mafi girma shi ne na watan Janairun 1835, wanda ya faɗo a ƙarshen azumi. A wannan karon Yarbawa Musulmi ne suka fi yawa, da waɗansu Hausawa tare da su. Sun fito da fararen riguna, kuma an sami layu da takardu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Bayan an murƙushe su sai hukuma ta shiga korar 'yantattun bayi, waɗansu kuma suka tara kuɗin jirgi da kansu suka dawo Afirka. Da yawa daga cikinsu a Ikko suka sauka, tashar da aka fitar da su.

Unguwar da suka zauna ita ce Popo Aguda, wadda na shiga a rana ta biyu. Da mutum ya baro hayaniyar kasuwar Balogun ya wuce dandalin Tinubu ya nufi dandalin Campos, zai fara ganin sunayen da ba na Yarbawa ba a jikin gidaje da tituna, irin su Campos da Da Rocha da Pedro. Waɗannan mutane sun dawo da sana'ar gini da kafinta, kuma su ne suka kawo irin benen nan mai tagogi masu baka da ado a goshi, wanda daga baya ya bazu ko'ina cikin ƙasar Yarbawa. A titin Kakawa na ga Gidan Ruwa na iyalin Da Rocha, wanda ya sami sunansa saboda ruwan rijiya da ake sayar wa mutanen gari daga cikinsa. Na kuma nemi wani gida da na karanta labarinsa, Ilojo Bar, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihi na ƙasa tun 1956. Na iske babu shi. An rushe shi a watan Satumban 2016. Ban yi saurin zagin mutanen Ikko ba, domin na tuna ganuwar Sakkwato da ƙofofinta, na tambayi kaina nawa ne suka rage a tsaye yadda Bello ya bar su.

Azahar ta same ni a titin Martins, na yi salla a masallacin Shitta-Bey. Ƙaramin masallaci ne in aka gwada shi da babban masallacin Juma'a mai hasumiya huɗu da aka buɗe a 1988, amma ya fi shi labari. Wanda ya gina shi, Muhammadu Shitta, a Saliyo aka haife shi, ɗan bayin da jiragen Ingila suka ƙwato a teku, ya yi dukiya a fataucin Kwara. Magininsa, João Baptista da Costa, ɗaya ne daga waɗanda suka dawo daga Birazil. Ranar buɗe shi a watan Yulin 1894 Gwamna Carter ya halarta, kuma Sarkin Istambul Abdulhamid na Biyu ya aiko da wakili, wani Baturen Ingila Musulmi mai suna Abdullahi Quilliam, ya kawo wa Shitta sarautar Bey. A wannan shekarar Sarkin Musulmi Abdurrahman ne ke kan gado a nan, saura shekara tara Turawa su iso mu.

Amma na yi gaba da yawa, bari in koma baya kaɗan. A ƙarshen Disambar 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa tsibirin ruwan igwa, suka kori Sarki Kosoko, suka mai da Akitoye wanda ya yarda ya sa hannu a kan hana cinikin bayi. Bayan shekara goma, ranar 6 ga Agustan 1861, suka matsa wa ɗansa Dosunmu ya miƙa musu garin baki ɗaya. Kosoko ya gudu Epe, sai a 1862 aka bar shi ya dawo, mutanensa suka kafa unguwar Epetedo a gabashin tsibirin. Babban jarumin Kosoko, Oshodi Tapa, Banufe ne, kalmar Tapa ma sunan da Yarbawa ke kiran Nufawa ke nan. Har yanzu akwai titin Oshodi da titin Tapa, na bi su duka biyu. Watau tun kafin Turawa su karɓi garin, 'yan Arewa da aka kawo cikin bauta sun riga sun kai ga riƙe makaman sarki.

Shigar tsibirin hannun Ingila ya jawo wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Labari ya bazu cikin ƙasar Yarbawa cewa bawan da ya gudu ya shiga Ikko da wuya a mai da shi ga ubangijinsa. Sai bayi suka dinga sulalewa daga Abekuta da Ijabu da Badun, kuma da yawansu 'yan Arewa ne. A lokacin akwai wani hafsan jirgin ruwa mai suna John Glover, wanda jirginsu ya farfashe a Jabba a 1857, ya yi tafiya ta ƙasa tsakanin Kwara da teku, ya saba da Hausawa a hanya. Da aka ba shi riƙon Ikko a 1863 sai ya tattara irin waɗannan gudaddun bayi ya ba su bindiga da kaki. Rundunar sojan Nijeriya, in tana ba da tarihin kanta, daga waɗannan mutane 18 na farko take farawa, waɗanda aka sani da Hausawan Glover. Kada mai karatu ya ɗauka duk Hausawa ne na jini. Akwai Nufawa da Barebari da Bargawa a ciki, duk wanda ya fito daga Arewa yana jin Hausa to Bahaushe ne a wurin Bature. Da su ya kori Egbawa daga Ikorodu a 1865. Da su ya tafi yaƙin Asante a 1873 zuwa 1874, waɗansu ma ba su dawo ba, suka zauna a Gwalkwas. Da magadansu aka ci Ijabu a 1892. Glover ya ba su filaye a gabashin gari, kuma tun daga nan Hausa ta zama harshen bariki.

A titin Custom na ga zauren taro da aka gina don tunawa da Glover. Na kewaya shi ina duba ko zan ga sunan ko da mutum ɗaya daga cikin sojojin nasa. Ban gani ba.

To, ga inda abin ya tsaya mini a rai. Ranar 15 ga Maris 1903 rundunar Turawa ta tsaya a Giginya, bayan ganuwar Sakkwato, ta fuskanci Sarkin Musulmi Attahiru. Turawan da ke cikinta 'yan kaɗan ne, ba su wuce a ƙirga su ba. Sauran, fiye da mutum 600, baƙar fata ne, kuma da Hausa ake ba yawancinsu umarni. Ba ina cewa mutanen Glover ne da kansu suka zo ba, shekara arba'in ta shiga tsakani, kuma wannan runduna Lugga ne ya fara haɗa ta a 1897 ta kuma haɗiye dakarun Kamfanin Kwara. Amma dabarar ɗaya ce, kuma a tsibirin Ikko aka fara gwada ta: a nemo wanda ƙasarsa ta sayar, ko wanda ya gudo daga bauta, a ba shi albashi da bindiga. Tun muna yara in aka zo labarin Giginya sai mu ji haushin waɗannan sojoji, mu ce sun ci amana. Ni ma na faɗi haka. Yanzu kuwa in na zo faɗi sai harshena ya yi nauyi, domin ban san amanar da mutum ke riƙe wa garin da ya musanya shi da doki ko da wuri ba. Wannan bai rage kome daga darajar waɗanda suka faɗi a Giginya, ko waɗanda suka bi Attahiru har Burmi inda ya yi shahada a watan Yulin wannan shekara ba. Ina dai ganin in za mu ba da labarin, sai mu ba da shi da mutanen da ke kowane gefen filin.

Maganar kawu fa? Yana da gaskiyarsa, sai dai gaskiyar baya ce. Fatauci ya zo da ƙarfinsa a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da fataken goro suka gane cewa maimakon ayari ya yi watanni a hanyar Gwanja, ana iya ɗora goro a jirgin ruwa daga Gwalkwas a sauke a Ikko. Alhasan Ɗantata yana cikin waɗanda suka yi arziki ta wannan hanya. Da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912 sai hanyar ta buɗe sosai, shanu da fata da gyaɗa su gangara, goro da atamfa su hau. Manoman Agege suka shiga shuka irin goron da muke ci, wanda har yau Yarbawa ke kira gbanja, watau Gwanja, Hausawa kuma suka kafa zango a can. Mu Sakkwatawa dogo bai taɓa iso mu ba, a Ƙauran Namoda ya tsaya a 1929, shi ya sa namu zuwan ya fi yawa a zamanin mota. Waɗannan su ne kakannin su kawu a sana'a, kuma su ne mutanen Ikko na yau suka sani, masu canji da masu suya da masu gadi da 'yan acaɓa, waɗanda ake kira aboki da wata irin murya da ba ta abota ba.

Rana ta uku na bi titin Broad na wuce tsohon gidan yarin Turawa da aka mai da wurin shaƙatawa, na wuce dandalin Tafawa Ɓalewa inda aka ɗaga tutar Nijeriya a 1960, na gangara Obalende, a kan iyakar tsibirin da Ikoyi. Tsohuwar unguwar sojoji 'yan Arewa ce, kuma sunan a Yarbanci yana nufin wurin da sarki ya koro mu. Na yi la'asar a wani ƙaramin masallaci. Bayan an sallame sai wani tsoho da ke kusa da ni, wanda zai yi shekara 80, ya dubi hulata ya ce, "Sannu, lafiya lau?" Na amsa na ci gaba da Hausa, sai ya ɗaga hannu yana dariya, ya ce da Ingilishi iyakar Hausarsa ke nan. Ya tambaye ni garinmu, na ce Sakkwato. Sai ya gyara zama.

Ya ce shi Bayarabe ne, haihuwar Ikko, uwarsa da matarsa duk Yarbawa, amma a gidansu an san kakan babansa soja ne na Golobar, yadda suke kiran Glover. Ya ce ba su da takarda ko hoto, abu biyu kawai aka gada. Na ɗaya, an ce fuskarsa cike take da zane tun daga gefen baki har kunne. Na biyu kuwa sunan ƙasarsa, wanda tsohon ya furta a hankali kamar mai tsoron kada ya fashe: Gobiri.

Na ce, "Baba, ai zanen nan har yanzu akwai masu shi a garinmu, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗaya." Ya sa yatsa a kuncinsa yana ƙirgawa. Na ce masa kuma a wurinmu Bagobiri da Bayarabe abokan wasa ne, in sun haɗu kowa cewa yake ɗan'uwansa bawansa ne, ba mai fushi. Ya yi dariya har da tari, ya ce to shi da wa zai yi wasan, tun da shi ne duka biyun?

Sa'an nan ya ce, "Ɗana, garin yana nan? In mutum ya je zai gan shi?"

Na gaya masa abin da na sani. Na ce babban birninsu Alƙalawa an ci shi a 1808, yanzu kufai ne. Gobirawa sun ci gaba da yaƙi har aka karya su a Gawakuke a 1836, kuma in lissafi ya yi daidai kakan nasa yana yaro a wannan lokacin. Na ce waɗansunsu suna Sabon Birni cikin Jihar Sakkwato, mota na zuwa kullum, amma Sarkin Gobir na can ƙetaren iyaka kusa da Maraɗi, a garin da suka kafa bayan wannan yaƙi. Ya ce yaya sunan garin? Na ce Tsibiri. Ya maimaita sau biyu bai iya fitar da tsa ɗin ba, ya tambaye ni ma'anarsa. Na ce masa ƙasar da ruwa ya kewaye, kamar dai wannan da muke zaune a gefenta.

Ya yi shiru. Can sai ya laluba aljihu ya fito da wata tsohuwar takardar asibiti, ya juya bayanta ya miƙo mini, ya ce in rubuta masa sunayen nan uku da manyan baƙaƙe, yana da jika a jami'a da zai nuna wa. Na rubuta Alƙalawa da Sabon Birni da Tsibiri, na nuna masa ƙugiyar da ke kan ƙa. Ya ninke takardar ya mayar aljihu. Kafin in sami motar Mil 12 magariba ta riga ta yi, na iske kawu tsaye a bakin rumfa yana ta kiran wayata.